Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Nake Auna Kaurin Bakin Tsohon Gatari Kafin In Wasa Shi

Kan gatarin kaɗai na saya, babu ƙota, a cikin tarkacen ƙarafa a kasuwar Panteka ta Kaduna. Tsatsa ta lulluɓe shi, sai da na kankare gefensa da ƙusa sannan tambarin ya bayyana: Elwell, da lamba 4½ a kusa da shi, wato nauyinsa laba huɗu da rabi, kilo biyu da 'yar ɗoriya. Elwell maƙera ce ta garin Wednesbury a Ingila, wadda Edward Elwell ya karɓa a 1817, kuma gatura da fartanyoyinta sun bazu a ƙasashen da Ingila ta mulka. Na kawo shi gida ina murna, na sa masa ƙotar aduwa, na zauna da dutsen washi har bakin ya fara aske gashin hannuna. Da safe na nufi wani busasshen reshen darbejiya da iska ta karya a bayan gida. Na ɗaga na sara, gatari ya dawo mini kamar tayar mota na sara. Na ƙara, ya sake tsalle. Ɓawon kawai yake ɗan ɓarewa.

Akwai wani dattijo mai faskare da ke wucewa ta layinmu, shi na nuna wa. Bai ko duba kaifin ba. Ya kama bakin tsakanin babban yatsa da manuniya, ya ja yatsun baya a hankali, ya miƙo mini abina.

Na ce, "Baba, ai aski yake yi."

Ya ce, "Ɗana, ai ba aski za ka yi wa itacen ba. Baki ya yi kaifi, dasashin ne ya yi kauri."

Tun daga ranar nake kiran wurin nan da ke bayan kaifi, daga kamar rabin santimita zuwa santimita biyar, da sunan dasashi. Shi ne yake yanke hukuncin ko gatari zai nutse a itace ko zai dawo. Yatsun Baba sun shekara arba'in suna shafa gatari, su ne ma'auninsa. Ni nawa yatsun biro suka sani, don haka sai na ƙera wa kaina abin da zai gaya mini gaskiya da lamba.

Dalilin da kusan duk tsohon gatari yake da wannan matsala ba ɓoyayye ba ne. Gatari siriri ne a baki, yana ƙara kauri yayin da ake matsawa wajen ramin ƙota. Duk wanda ya gaje shi, bakin kaɗai yake wasawa, domin nan ne aikin ya fi sauƙi. Shekara da shekaru baki yana cinyewa yana ja da baya, yana shiga wurin da maƙerin ya bari da kauri. Kaifi na nan, amma yanzu a kan wani gajeren tudu yake zaune. Idonka kuma ba zai kama wannan ba, saboda ƙyallin sabon washi yana ruɗi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan hatsi na yarda. A kan bambancin milimita ɗaya a jikin ƙarfe mai sheƙi, idona ya sha yi mini ƙarya.

Kafin ka ɓata lokacinka, duba ko gatarin ya cancanci wahalar. Ba duk jikin gatari ake taurarawa ba, yankin baki kawai, kuma da yawa daga cikin tsofaffin ma jikinsu ƙarfe ne mai laushi, aka haɗa masa ƙarfe mai tauri a baki. Ka jiƙa kan a cikin binega ya kwana, ka goge da burushin waya. Za ka ga wani layi ya fito, wajen baki ya fi duhu, sauran jikin ya yi fari-fari. Mai duhun nan shi ne jarinka. A nawa ya kai kusan santimita uku. In ka ga abin da ya rage bai kai santimita ɗaya ba, kar ka wahalar da kanka da rage masa kauri, mayar da shi na faskare. Bayan binega ka ɗauraye shi da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka busar nan take, ka shafa mai, in ba haka ba kafin la'asar ya sake yin ja.

Mataji mai tsaga uku

Wannan shi ne ma'aunin da na fi dogara da shi, kuma bai ci mini kuɗin da ya wuce na rular 'yan makaranta ba. Dabararsa ita ce: in kana da tsagar da ka san faɗinta daidai, ka zura bakin gatari a ciki, zurfin da ya shiga kafin ya cije zai gaya maka a wane wuri ne kaurinsa ya kai wannan faɗin. Siririn dasashi zai nutse da nisa. Mai kauri zai tsaya a bakin ƙofa.

Wahalar ita ce samun tsaga mai faɗi na gaskiya ba tare da kayan awo masu tsada ba. Na fara gwadawa da guntayen rodi, na ga rodin da aka sayar mini a matsayin mai milimita 10 bai cika goman ba. Daga baya na gano abin da ke aljihun kowa. Katin ATM, da katin nan da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, duk a kan ƙa'ida ɗaya ta duniya ake yin su, kaurin kowanne milimita 0.76. Kati huɗu a haɗe milimita 3 ke nan da ɗigo. Takwas, milimita 6. Goma sha uku, saura ƙiris ya cika 10. Masu rajistar layi a bakin titi zubar da nasu suke yi, na roƙi wani yaro ya tara mini, washegari ya ba ni cike da hannu. Ka guji katin da lambobinsa suka kumburo, domin kumburin zai ƙara kauri. In tsohon katin bankinka za ka sa, fara yanke wurin lamba da ɗan ƙarfen nan ka lalata su.

Nemi rular roba mai santimita 30, mai ɗan kauri, wadda gefenta bai ci duka ba. Yanka ta da zarton ƙarfe a kan layin 0, da 7, da 14, da 21, da 28. Ka sami guda huɗu masu tsawon santimita bakwai-bakwai. A nan ne ake yin kuskure: dole bakin kowane guntu ya fara daidai a kan layin santimita, saboda daga nan za ka riƙa ƙirga zurfi. Yanka ɗan nesa da layin, sannan ka goga a kan samfefa a shimfiɗe har ka iso tsakiyar layin. Yawancin ruloli suna da ɗan fili kafin sifili, shi ma ka cinye shi.

Sai ka sami ɗan faifan katako mai santsi, tsawon kamar santimita goma sha shida, faɗin huɗu. Jera guntayen a kansa kamar haƙoran mataji, santimita biyu na kowanne a kan katakon, biyar suna leƙowa waje, duk suna kallon fuska ɗaya yadda kowace tsaga za ta sami gefe guda mai zanen milimita. Manna na farko ka bar shi ya kama. Tsayar da kati huɗu a jikin gefensa, ka turo na biyu ya matse su, ka manna. Tsakanin na biyu da na uku kati takwas, tsakanin na uku da na huɗu goma sha uku. Katunan su bi tsawon tsagar gaba ɗaya, daga baki har gindi, in ba haka ba tsagar za ta buɗe a gaba ta tsuke a baya. Ni gam ɗin nan mai kwalba biyu da ake cakuɗawa na sa, na ɗaure da robar tayar keke ya kwana. Wanda yake bushewa nan take ba ya ba ka damar gyara zama. Kar gam ya taɓa katunan, don za ka zare su.

Da safe ka gwada aikinka a wurin mai walda. Sandar waldar da suke kira geji 12, tsiraicin gindinta milimita 2.5 ne, ta geji 10 kuma 3.2. Ta farkon ta shige ƙaramar tsagarka tana rawa, ta biyun ta ƙi shiga. In haka ta faru, tsagarka tana inda ya kamata. Manyan biyun kuma ka gwada su da gindin ƙarfen huda mai lamba 6 da mai lamba 10.

Roba ba ta dawwama, amma tana da ladabi: ba ta dakushe baki. Nawa na farko ya yi shekara kafin gefen ya fara cinyewa, sannan na kwafe shi a faifan alminiyam da magagari.

Yanzu lambobin. In baki miƙaƙƙe ne ta gefe biyu, lissafinsa a tsaye yake. Mai kusurwa digiri 25, kaurinsa milimita 4.4 ne a santimita ɗaya daga kaifi. Mai digiri 30, milimita 5.4. Mai digiri 40, milimita 7.3. In ka juya lissafin zuwa tsagar milimita 3, mai digiri 25 zai shiga kusan milimita 7, mai 30 zai shiga 5 da rabi, mai 40 kuwa da ƙyar ya wuce 4.

Ranar da na zura Elwell ɗina, a ƙaramar tsaga ya shiga milimita 4, a ta tsakiya ya tsaya a 8 da rabi. Wato abin da na kwana ina wasawa ina alfahari da shi, bakin gatarin faskare ne. Baba ya faɗa da yatsa, rula ta maimaita.

Gatarin sara ba a yi masa miƙaƙƙen gefe kamar kurfi. Ana ba shi ɗan doro, kamar cikin ƙwallon dabino: kusurwar ta fi buɗewa a daidai kaifi don ya jure duka, sannan ta kwanta a hankali zuwa baya don ya nutse. Shi ya sa tsaga ɗaya ba ta isa. Ƙaramar tana gaya maka labarin baki, ta tsakiya tana gaya maka labarin dasashi, babbar kuma tana nuna ko jikin zai maƙale a itace. Inda na tsaya da nawa, bayan gwaji a darbejiya da itacen turare, shi ne milimita 6 a ƙaramar tsaga, 16 a ta tsakiya, kusan 40 a babba. Waɗannan lambobina ne, na gatarina da itacen da nake sara. Ka fara daga nan, ka matsa yadda naka ya nuna maka.

Ma'aunin kusurwa

Na biyun shi ne wanda aka fi sani, ɗan faifai mai tsaga kamar bakin almakashi a buɗe. Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka ta fitar da littafin jagora kan gatari a 1999, kuma a ciki akwai zanen irin wannan ma'auni da mutum zai kwafa. Abu biyu za ka lura da su in ka samo zane irin wannan. Injin buga takarda yakan ƙara ko ya rage girma, kusurwa ba za ta canza ba amma kauri zai canza. Sannan mutanen da suka zana shi ba su taɓa haɗuwa da busasshiyar ƙirya ba.

Zana naka ya fi. Murfin tsohuwar tukunyar alminiyam ya isa, ka daddale shi da guduma a kan katako. Ba ka bukatar abin auna kusurwa na akwatin lissafi, zanensa ya yi ƙanana, hannu na rawa digiri biyu sun tafi. Ja layi miƙaƙƙe mai tsawon santimita 5 da bakin ƙusa. A ƙarshensa ja wani a gicciye, rabi ta dama rabi ta hagu. In digiri 25 kake so, tsawon na gicciyen milimita 22. In 30, milimita 27. In 35, milimita 31 da rabi. Haɗa ƙarshensa biyu da mafarin dogon layin, ga kusurwarka.

Kafin ka yanka, huda rami mai milimita biyu ko uku a daidai tsinin. Ramin nan shi ne ɗakin kaifi, yana shiga ya zauna ba tare da ya taɓa komai ba. In babu shi, kullum sai ka dakushe abin da ka wasa, kuma datti zai taru a lungun ya riƙa ɗaga bakin. Sannan ka datse faifan yadda zurfin tsagar ba zai wuce milimita goma sha biyu ba. Dogon zanen don daidaito aka yi shi, amma doguwar tsaga ba ta da amfani a baki mai doro. Yanka ta cikin layi, ka ƙarasa da ƙaramin magagari, ka kashe kaifin gefen da samfefa. A faifai ɗaya na yi uku, na buga lambar kowacce da ƙusa.

Karatunsa da haske ake yi. Ɗora shi a kan baki, ka ɗaga wajen taga. In kaifi ya isa tsakiyar rami, gefe biyu suka kwanta a jikin faifan na 'yan milimitoci na farko, ya yi daidai. In ya cije tun bai isa ramin ba, kafaɗa, wato tudun da ke bayan kaifi, ta yi kauri. In ya shige yana girgiza hagu da dama, ka riga ka wuce. Wani abin da yake nunawa wanda mataji ba ya nunawa shi ne karkata: haske ta gefe ɗaya, duhu ta ɗayan. Mai hannun dama yakan ci gefe ɗaya fiye da ɗaya ba tare da ya sani ba, kuma gatari mai karkataccen baki yana gocewa. Gatarin da ya goce ƙafa yake nema.

Kwafar gatarin da ya riga ya iya aiki

In kana da sa'ar sanin wani mai gatarin da yake nutsewa yadda kake so, bar lissafi ka kwafe shi. Haka na yi da na wani masassaƙin turmi a ƙauyenmu, bayan na sha rantsuwa cewa ba zan ɓata masa ba. Na sayi ɗan abin da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi, na shafe tsakiyar bakin da mai, na lulluɓa masa siririyar leda, na dama, na dunƙula a kai har ya rufe santimita biyar ta kowane gefe. Kafin mu gama shan fura ya daskare. Na zare, na yanka shi a gicciye da zarton ƙarfe, sai ga siffar bakin daga kaifi har dasashi, da doronta da komai. Na ɗora yankin a kan alminiyam, na bi ciki da ƙusa, na yanke.

Irin wannan ya fi kowanne gaskiya, domin itacen wurinku ne ya riga ya gyara shi shekara da shekaru. Aibinsa ɗaya: in gatarin da ka kwafa ƙarami ne naka babba, bayan ba zai zauna ba. A nan sai ka yarda da santimita biyu na farko kawai.

Yadda ake aiki da su

Ɗaure kan gatarin a kan benci ya kwanta, bakin ya ɗan leƙo. Da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, ja layuka masu bin lanƙwasar baki a milimita 6, da 16, da 40, ko duk lambobin da ka zaɓa, ta fuska biyu. Sa alama wuri biyar a tsawon bakin: kusurwar sama, kusurwar ƙasa, tsakiya, da rabin tsakaninsu. A nan za ka riƙa auna kowane lokaci. Ma'aunin ya shiga a miƙe, yana fuskantar baki kai tsaye. In ka karkata shi zai ba ka lambar da ranka yake so. Kuma kar ka danna, nauyin hannu ya isa. In ka tura da ƙarfi roba za ta buɗe ta yi maka ƙarya.

Daga baya ake fara ci, ba daga baki ba. Wannan shi ne abin da ya fi wuya mutum ya yarda da shi, domin hannu kullum kaifi yake nema. Shafe dasashin duka da maka, ka ɗora magagari mai inci goma ko goma sha biyu a kan tudun kafaɗar, ka tura. Inda tawada ta goge nan kake ci. Wurin da kake ci ya yi siffar mafici: ya yi zurfi a tsakiya, kamar santimita shida ko bakwai daga baki, ya tsuke wajen kusurwoyi. Kusurwoyin nan biyu ka bar musu ƙarin nama, domin su ne suke fara ɓallewa, musamman ta sama wadda take yawan cin ƙasa. A ƙaramar tsaga nakan bar su milimita ɗaya ƙasa da tsakiya.

Ƙirga turawarka. Talatin a wannan fuska, juya, talatin a waccan, sannan ka auna wuraren biyar. Da farko lambar kamar ba ta motsi, za ka yi zaton magagarin ya mutu. Ƙarfe mai yawa ake cirewa kafin tsagar tsakiya ta matsa milimita ɗaya. Nawa ya ci mini yamma uku. A yammar farko daga 8 da rabi zuwa 11 kawai na kai. Wajen ƙarshe kuma abin yana sauri, a nan ne za ka rage zuwa goma-goma. Abin da ka cire ba ya dawowa.

Sa kariya a magagarin. Yanko tafin tsohon silifas, ka huda, ka zura shi tsakanin ƙarfen da mariƙinsa. Kana turawa wajen kaifi ne, ranar da magagari ya zame, silifas ɗin ne zai gaisa da baki maimakon yatsunka. Ina da tabo a ɗan yatsan tsakiya daga kafin in koyi wannan. Ka riƙa kaɗe garin ƙarfe daga haƙoransa da burushi, ka goga masa alli, kuma ka ɗaga shi in za ka dawo baya.

Za ka ce me ya hana a kai wa mai giranda ya gama cikin minti biyar. Na taɓa kai wani ƙaramin gatari wurin mai washi a bakin hanya, ina tsaye yana ta tartsatsi, sai na ga kusurwar sama ta yi ruwan ƙasa, ta koma shuɗiya. Ƙarfe mai tauri yana fara canza launi zuwa ruwan kara a wajen digiri 220 na zafi, in ya kai shuɗi ya kusa 300, kuma a nan taurin da maƙeri ya ba shi ya ragu. Siririn baki ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu kafin ya kai haka. Goge launin ba ya dawo da taurin. Sara uku na yi da shi wurin ya lanƙwashe kamar gwangwani, sai da na cinye kusan milimita huɗu kafin in sake iske ƙarfe mai kyau. Garin neman gira na rasa ido. In dole sai inji, a tsaya can baya a kan tudu, a riƙa tsoma shi a ruwa tun yatsa yana iya jure zafinsa, santimita ɗaya na ƙarshe kuma a bar wa magagari.

Sai manyan tsagogi biyu sun kai lambarsu sannan za ka zo baki. Nan ne ma'aunin kusurwa yake shigowa. Ka riƙa ɗan ɗaga hannu a ƙarshen kowace turawa don doron ya fito, har ka ji wani siririn zare na ƙarfe ya juyo ta ɗaya fuskar tun daga sama har ƙasa. Yi awonka na ƙarshe a nan, kafin dutse. Bayan ka bi da dutsen washi mai kaushi, da mai laushi, ka shafa a fata, kar ka sake zura masa komai.

Alƙalin ƙarshe itace ne. In gatari yana nutsewa yana watso manyan ɓarɓashi, ya saki kansa da ɗan girgiza, ka isa. In yana dawowa, koma tsagar tsakiya. In yana nutsewa ya ƙi fita sai ka yi kokawa da shi, ka kwantar da dasashin ya yi faɗi da yawa babu doro, ko ka rarake shi. In bayan sara goma ka ga ƙananan gibi ko baki ya kwanta, kusurwar ta yi siriri ga wannan itace, ka ɗan buɗe milimita biyu na ƙarshe da dutse, ba sai ka taɓa baya ba.

Abin da ya faru da ni ke nan ranar da na kai Elwell kan wani busasshen kututturen marke a gonar kawuna. Bakin da yake shiga darbejiya kamar sabulu ya dawo da gibi biyu. Marke da ƙirya da tsamiya in sun bushe ba sa wasa, ba banza maƙera suke neman gawayin ƙirya ba. Masu saran daji a Amurka sun magance wannan da gatari mai baki biyu, ɗaya siriri don itace mai kyau, ɗaya mai kauri don gaɓoɓi da saiwa. Ni sai na ware gatari na biyu don itace mai tauri, na tsayar da shi a milimita 5 a ƙaramar tsaga, wato wajen digiri 33, dasashin kuma 14. Gatarinmu na gida wanda maƙera suke yi da sifirin ɗin mota, mai wutsiya da ake sokawa a ƙota, shi ma matajin yana auna shi, sai dai yawanci ba ya cika babbar tsaga, tsagogi biyu na farko ne suke magana.

Lambobin kowane gatari na rubuta su da biro a bayan katakon matajin, layi ɗaya ga kowanne, da sunan itacen da aka gwada shi a kai. Bayan kowane washi biyar ko shida nakan sake zurawa. Da zarar tsagar tsakiya ta ja baya da milimita biyu, nakan ba dasashin turawa ashirin ta kowace fuska, aikin da ba ya wuce tsakanin la'asar da magariba. Na kai wa Baba mai faskare matajin ya gani, ya jujjuya shi, ya zura nasa gatarin a ƙaramar tsaga, ya tsaya a milimita 4 cif daga sama har ƙasa, wuri biyar ɗin duka. Ya miƙo mini, ya tambaya ko rular jikansa ce na yanka.